Amsa ga Injiniyan da ya ce launi kawai muke gogewa

Injiniya, assalamu alaikum.

A taron masana harkar ruwa ka miƙe gaban jama'a ka tambaye ni ko aikinmu ya wuce goge launin rini daga ruwan masaƙu, guba na nan daram, mu kuma muna ta karɓar kuɗin bincike. Wannan zargin ha'inci ne, kuma ya yi mini ciwo.

Haɗarin da ka ambata gaskiya ne. Mafi yawan rinin masaƙu na dangin azo ne, kuma da zarar mahaɗin naitirojin ɗinsu ya tsinke, launi yakan ɓace alhali an bar sinadaran amin, waɗansunsu irin su benzidin masu jawo ciwon daji. Saboda su ne Tarayyar Turai ta taƙaita irin wannan rini a 2002. To, shi ya sa ba mu taɓa ɗaukar farin ruwa a matsayin hujja ba. Idan haske ya bugi titaniyam dayoksaid, garin sinadarin da muke zubawa a ruwan, yakan haifar da ɓurɓushin haidiroksil masu ci gaba da farfasa rinin har ya koma iskar kabon da ruwa. Abin da muke aunawa shi ne kabon ɗin da ya saura, kuma yakan ɗauki lokaci mai tsawo bayan launi ya tafi. Alƙaluman suna cikin rahotonmu. Da ka buɗe shi kafin ka miƙe, da ka gan su.

Ka kuma ce fasahar ta tsufa a ɗakin gwaji tun aikin masanan Japan Fujishima da Honda na 1972. Dalilan ba a ɓoye suke ba: sinadarin yana amfani ne da kusan kashi 5 cikin ɗari na hasken rana, gishirin da masaƙu ke zubawa yana rage masa ƙarfi, tsamo garin daga ruwa kuma yana da wuya. A kansu muke aiki.

Amma ka shekara kana ba masaƙu shawarar zuba alif, ba ka faɗa wa taron haka ba. Alif ba ya lalata rini, tara shi yake yi cikin laka, a kwashe a jibge a fili, damina ta wanke. Duk mai neman hanyar rusa rinin gaba ɗaya shi ake titsiyewa, lakar kuwa ba mai tambaya. Ina roƙonka ka kawo sakamakon awon lakar masaƙun da kake wa aiki a taro na gaba, ni ma zan zo da nawa.

Wassalam.