Amsa ga Alhaji kan zaɓen sanatocin Kamaru

Assalamu alaikum Alhaji, ranka ya daɗe.

Ranar da muka zauna gaban jama'a a Ngaundere ka yi mini tambaya. Ka ce tunda kansiloli ne ke zaɓen sanatoci, ba dogon layi, ba rigima, ba ɓarnar kuɗi, kuma Faransa ma haka take yi, me ya sa nake ta sukar tsarin? Magariba ta tashe mu ban amsa ba, ga amsata.

Kundin tsarin mulkin 1996 ne ya kafa majalisar dattawa, amma sai a watan Afrilun 2013 aka yi zaɓenta na farko, bayan shekara 17 tana kan takarda. Kujerunta 100 ne, kowane yanki daga cikin goman yana da 10. Bakwai zaɓarsu ake yi, uku shugaban ƙasa ke naɗawa. Ke nan kafin a jefa ƙuri'a ko ɗaya, shugaba Paul Biya yana da mutum 30 a zauren.

Sauran 70 ɗin su suka fi damuna. Ka tuna abin da ya faru a nan Adamawa a 2013? An yi watsi da jerin 'yan takarar RDPC, jam'iyya mai mulki, ya rage jam'iyyar UNDP ta Bello Bouba Maigari da jam'iyyar adawa ta SDF. Kowa ya san UNDP tana da jama'a a wannan yanki, ita kuwa SDF tushenta Bamenda, can yankin Arewa maso Yamma. Amma SDF ce ta kwashe kujerun bakwai duka, da ƙuri'un kansilolin RDPC. Ka gaya mini, Alhaji, wane ɗan kasuwa ko makiyayi aka tambaya? Kansilolin nan ma tun 2007 aka zaɓe su, wa'adinsu ya ƙare aka ƙara musu. Wannan abu har yau yana yi mini ciwo, domin da sunanmu aka yi shi muna zaune a gida.

Daga nan lissafin ya miƙe. RDPC ta samu kujeru 56 a 2013, ta samu 63 a 2018, sannan ranar 12 ga Maris 2023 ta haɗa duka 70. Ba abin mamaki a ciki. A zaɓen ƙananan hukumomi na Fabrairun 2020, wanda jam'iyyar adawa ta MRC ta Maurice Kamto ta ƙaurace wa, RDPC ta ci ƙananan hukumomi 316 daga cikin 360. Su kansilolin suka zaɓi mafi yawan 'yan majalisun yankuna a Disamban shekarar, sannan aka haɗa su duka, mutum kimanin dubu 11, suka zaɓi sanatoci. Tun daren da aka ƙirga ƙuri'un 2020 an san sakamakon 2023. Ka ce ba rigima, gaskiyarka. Wa zai yi rigima kan tseren da aka riga aka san dokin da zai zo na ɗaya?

Maganar Faransa kuwa, na yarda da kai rabi. Sanatocinta 348 wakilai wajen dubu 162 ke zaɓarsu, galibinsu daga majalisun garuruwa. Amma can garuruwan suna canza hannu, shi ya sa a 2011 'yan gurguzu da ƙawayensu suka karɓe majalisar, bayan shekara uku kuma suka rasa ta. Kuma shugaban Faransa ba ya naɗa sanata ko ɗaya.

Kada a raina kujerar nan. Shugaban majalisar dattawa, muƙamin da aka ba Marcel Niat Njifenji a 2013, shi kundin ya ɗora wa a wancan lokacin riƙon ƙasa idan kujerar shugaba ta zama ba kowa. Ina ganin bai dace mutumin da zai iya riƙe ƙasa ya fito daga zauren da talaka bai taɓa sa hannu a kai ba.

Abin da nake so shi ne a soke kujerun naɗi 30, a bar jama'a su zaɓi sanatocinsu da hannunsu. Kafin a kai nan, ina ganin masu ƙaurace wa zaɓen kansiloli sun yi babban kuskure, domin a can ake raba kujerun dattawa. Kai mai faɗa a ji ne a unguwa, Alhaji. Idan zaɓen ƙananan hukumomi ya zo, ka tara matasanmu ka sa su yanki katin zaɓe, ni ma zan zo.

Wassalam, naka.