Wasiƙa zuwa ga Abba, kafin a damƙa maka rajistar masu zaɓe

Tudun Wada, Zariya.

Abba,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, kuma zaman Ibadan ya fara karɓarka. Mu nan lafiya lau, sai ƙafar Innarka da ke motsawa in sanyi ya shigo. Saƙon da ka turo ya iso, Allah ya yi albarka, amma na sha gaya maka ka daina taɓa ɗan alawus ɗinka saboda mu.

Da waya na so in kira ka, sai na ga in na fara magana muryata za ta tashi, kai kuma ka yi shirun nan naka, ka ce "to Baba" alhali maganar ba ta shige ka ba. Shi ya sa na rubuta, na ba ƙanwarka ta ɗauki hoton takardar ta tura maka. Ka karanta a zaune.

Ranar Juma'a bayan an sauko, wani abokin zamana ya miƙo mini wayarsa ya ce, Malam, wannan ba yaronka ba ne? Hotonka ne da kakin bautar ƙasa, a ƙarƙashinsa rubutun da ka yi a Facebook, wai bai kamata a bar wanda bai yi karatu ba ya jefa ƙuri'a, a riƙa yi wa mutane jarrabawa kafin a ba su katin zaɓe, domin jahilai ne ke sayar da ƙasar nan a kan taliya da sabulu. Na karanta har ƙasa, har da masu yi maka kirari. Na mayar masa da wayarsa ban ce uffan ba. Innarka ba ta sani ba, kuma na hana a gaya mata.

Sai ga shi a makon nan ka ce mata sunanka ya fito cikin waɗanda hukumar zaɓe za ta horar su yi aiki a rumfa. Tun daga ranar ba ta da zance sai na rikicin bayan zaɓen Afrilun 2011, masu bautar ƙasar da aka kashe a Bauchi, da hayaƙin da muka gani da idonmu a garin nan, da kwanakin dokar hana fita. Tsoronta na kan hanya, ni ma ina da irinsa, kuma muna addu'a. Amma abin da ke hana ni barci daban ne. Za a damƙa rajista da na'urar BVAS mai tantance masu zaɓe a hannun mutumin da ya riga ya yanke a ransa cewa da yawa daga masu layi a gabansa ba su cancanci tsayuwa a wurin ba, kuma mutumin nan ɗana ne.

Kana ganin sabuwar dabara ka kawo. Da ita aka fara zaɓe a ƙasar nan. Lokacin da Turawa suka shigo da shi a tsarin mulkin 1922, kujera 4 kacal ake zaɓa, 3 a Legas, 1 a Kalaba, kuma sai namiji mai samun fam 100 a shekara. Arewa ko a zancen ba ta. Da aka zo 1951 aka ba mu namu hawa-hawa, talaka ya zaɓi wakili, wakili ya zaɓi wani wakilin, a matakin ƙarshe kuma En'e ta ƙara nata mutanen, har abin da talaka ya zaɓa a ƙasa ya ɓace kafin ya kai sama. 'Yan jam'iyyar NEPU sun ɗanɗana wannan. Duk lokacin hujjar ɗaya ce, wai mutanen nan ba su waye ba tukuna. Ita ce ka rubuta, da Turancinka mai kyau.

A zaɓen 1959 kakanka da ka ci sunansa ya je ya jefa ƙuri'a, Hajiya kakarka tana gida, don matan Arewa ba su da wannan haƙƙin, alhali matan Kudu suna layi a ranar. Hajiya Gambo Sawaba, wadda ka tashi kana ganin sunanta a asibitin Ƙofar Gayan, a nan Sabon Gari ta jagoranci matan NEPU, kuma a kan irin wannan magana ta sha duka, ta sha ɗauri, an ƙirga mata shiga kurkuku har sau 16. Karatunta na boko bai wuce firamare ba. Ka tambayi kanka, da jarrabawarka aka yi mata, za ta ci? Sai a 1976 doka ta buɗe wa matan Arewa ƙofa.

Ni na raka Hajiya kakarka zaɓen gwamna a daminar 1979. Tun asuba ta yi wanka ta ɗaura zanen da take zuwa suna da shi. Layin mata ya fi namu tsawo, ga yayyafi, ga goyo. Kafin mu fita na tsaya zan koya mata alamomin jam'iyyu, na ce wannan gida da masara, wannan mabuɗi, sai ta ce in rufe mata baki, ta san wanda ya ce zai soke haraji da jangali, kuma ta san daren da mijinta ya kwana a hannun dogarai saboda kuɗin haraji. Da ta fito daga rumfa ta ɗaga mini babban yatsanta da tawada, ta ce, "Yau ni ma an tambaye ni." A zaɓen nan Balarabe Musa ya ci Kaduna. Hajiya ba ta taɓa riƙe biro ba, amma ta san abin da ta je yi fiye da ni da nake taƙama da takardar malanta.

To yanzu ka gaya mini, wa zai shirya jarrabawar taka, kuma da wane harshe? In da Turanci ne, ka cire Innarka. Ka cire malaman zauren Kona da na Juma, waɗanda ake tasowa daga ƙasashe a zo a durƙusa a gabansu a ɗauki fiƙihu da nahawu. Ka cire Goggonka da ke rubuta lissafin adashin unguwa da ajami, ba a taɓa kama ta da kuskuren kwabo ba. In kuma ka ce da Hausa ko da ajami za a yi, gobe wani ya hau mulki ya ce a'a, da nasa za a yi. Duk wanda ya riƙe alƙalamin gyaran jarrabawar shi zai zaɓi masu zaɓe, kuma ba zai zaɓo waɗanda za su kayar da shi ba. An gwada a Amurka. Jihohin kudancinta sun yi shekaru suna tare baƙar fata da jarrabawar karatu, ma'aikacin rajista shi ne mai tambaya shi ne alƙali, sai da dokar 1965 ta taka musu birki. Indiya kuwa da ta yi zaɓenta na farko a 1951 zuwa 1952, masu iya karatu da rubutu ba su kai kashi 20 cikin 100 ba, ta ce kowane baligi ya fito, mace da namiji.

Kuma yaron da bai shiga aji ba, shi ya hana kansa? Gwamnatin da ta kasa gina masa makaranta ita kake so ka ba damar ta ce masa tunda ba ka yi makaranta ba, ba ka da bakin tambayata. Daga ranar da aka cire ƙauyukan Giwa da Soba da Igabi daga lissafin ƙuri'a, wane ɗan siyasa zai sake tunawa da rijiyarsu ko asibitinsu? Yanzu ma da ƙyar ake leƙa su, sai shekarar zaɓe. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matar da ta haihu a hanya don babu ungozoma a asibitin garinsu ba ta buƙatar digiri kafin ta san an cuce ta.

Ban ce ba a sayar da ƙuri'a ba. Ana yi, na gani a rumfarmu, taliya da atamfa da 'yan kuɗi a ambulan, kuma yana ƙona mini rai kamar yadda yake ƙona maka. Amma wa ya ɗauko kayan a mota? Wa ya sa hannu aka fitar da kuɗin? Tsohuwar da ta karɓi taliya ƙuri'a ɗaya ta ɓata, kuma yunwa ce ta kai ta. Wanda ke zama a wurin tattara sakamako ya mayar da ɗari ta zama dubu, wannan ya iya lissafi sarai. A 2021 wata kotu a Akwa Ibom ta yanke wa wani farfesa ɗaurin shekara 3 saboda sauya alƙaluman zaɓen 2019. Da ya ci jarrabawarka da maki mai kyau. Sannan ka dubi 2023. Mutum sama da miliyan 93 ke cikin rajista, waɗanda suka fito zaɓen shugaban ƙasa wajen miliyan 25 ne. A rumfarmu waɗanda suka yi sammako tsofaffi ne da matan aure da masu tura baro. Abokanka na jami'a nawa na gani a layi? Ƙasar da mutum uku cikin huɗu suka zauna a gida, kai kuma ragin masu fitowa kake nema.

Abba, zan faɗa maka abin da ke cina. Ba siyasarka nake tsoro ba, zaɓi wanda ka ga dama, ban taɓa tambayar ɗayanku wa ya dangwala wa ba. Raini nake tsoro. Na lura da shi tun hutun da ka zo kana aji uku, yadda ka riƙa gyara wa kawunka magana a gaban baƙi, da yadda ka ƙi zuwa ƙauye ta'aziyya ka ce ba ka da abin da za ka ce da su. Na yi shiru na ce ƙuruciya ce. Yanzu ga shi ya fito a rubuce, duniya na karantawa, da sunan gidanmu a kai. Wa kake kira jahili? Matar da ta yi ta suyar ƙosai da asuba har ka gama sakandare? Kai ka san shekarar da aka riƙe mana albashi, ka san abin da ya faru da gonar Giwa, ka san a kan karatun wa ta tafi. 'Yan'uwana sun zage ni a kan haka, har yau akwai wanda ba ma gaisawa sosai, kuma ban yi nadama ba. Na tsananta muku a kan boko fiye da yadda aka saba a gidan nan, na hana ku yawo, na hana ku talla, don na san abin da rashin takarda ke jawo wa mutum a ofis da asibiti. Na yi ne don ku tsaya wa waɗanda ba su samu ba. Wallahi da na san karatun zai sa ka ji kunyarsu, da zuciyata ba ta yi sanyi ba ranar da ka sa hular kammala digiri.

Ka kuma tuna inda kake. Mai cewa a cire marasa boko da mai cewa a cire baƙi hanyarsu ɗaya. Ka leƙa Sabo da Sasa ka ga Hausawan da aka haifi kakanninsu a Ibadan, a can suke biyan haraji, a can suke binne matattunsu, amma ba a rasa mai ce musu su koma gida su yi zaɓe. Mu ma a nan akwai masu faɗin haka a kan Inyamurai da Yarabawan Sabon Gari, kuma na sha musu da su a majalisa. Tsarin mulki abu uku ya nema, ka zama ɗan ƙasa, ka kai shekara 18, kana zaune a ƙasar. In muhawara kake so, ga ta nan a kan waɗanda aka bari a waje: 'yan Najeriya mazauna ƙasashen waje, da mutanen da 'yan bindiga suka kora daga garuruwansu katinsu ya ƙone da ɗakinsu, da kai kanka, da katinka ke nan Zariya kana can kana yi wa wasu aiki ba za ka jefa taka ba. Rubuta a kan wannan, ni zan fara nuna wa mutane.

Na san ba mugunta ce ta sa ka ba. Takaici ne, ka gama karatu kana ganin waɗanda suka riga ka suna yawo da takardu babu aiki, kana neman wanda za ka ɗora wa laifi, sai ka ɗora wa wanda ya fi kusa da hannu. Kai mai tausayi ne tun kana ƙarami, kai ne ke ɓoye wa almajirin gidanmu nama a cikin tuwo. Shi ma yanzu ya kai shekarun zaɓe.

Ban ce ka ƙi aikin ba, ka je ka yi. Za a zo maka da manomin da fartanya ta cinye zanen yatsunsa, na'ura ta ƙi kamawa. Kada ka yi masa tsaki, ka goge masa yatsan ka sake gwadawa, in ta ƙi ka ɗauki fuskarsa, an tanadi hakan. Tsoho da mai ciki da mai naƙasa ka shigar da su gaba. Wanda ba ya jin Turanci ka nemi mai yi masa bayani da Yarabanci, kada ka ɗaga masa murya. Ka ƙirga ƙuri'a da ƙarfi a gaban kowa, ka rubuta abin da ka ƙirga, ka ba wakilan jam'iyyu kwafinsu. Ko ruwan sha wani ɗan takara ya aiko maka, ka ce ka gode kana da naka. In kuma wuri ya rikice, ka bar kayan ka nemi jami'an tsaro, ba a ce ka ba da ranka a kan akwati ba.

Rubutun kuwa ban ce ka goge shi don ni ba. Ka sake karanta shi, ka sa fuskar Innarka a duk inda ka rubuta jahilai, sannan ka yi abin da ka ga ya dace. Ka kira ta ranar Lahadi da yamma, ka kwantar mata da hankali a kan wurin da za a tura ka, ka ba ta lambar wani da kuke tare. Ta ba direban da ke zuwa Sasa dambun nama da yaji ya kawo maka, ka neme shi ranar Laraba. Ƙannenka suna gaishe ka. Allah ya tsare ka, ya yi maka albarka.

Mahaifinka.