Darasin mazaɓar Kiru/Bebeji kan takardar sakamako

Ya Edita,

Rahotonku kan shirye-shiryen zaɓen 2027 ya fi mayar da hankali kan sauya sheƙar 'yan siyasa. Ina ganin tarihin mazaɓar Kiru/Bebeji ta Majalisar Wakilai a Jihar Kano ya nuna inda gizo ke saƙa.

Abdulmumin Jibrin ya ci kujerar a 2011 a PDP, ya sake ci a 2015 a APC, aka kuma bayyana shi a matsayin wanda ya yi nasara a 2019. Amma a Nuwamban 2019 Kotun Ɗaukaka Ƙara da ke Kaduna ta soke zaɓen saboda goge-gogen da aka samu a takardar sakamakon ƙarshe, wato EC8E. Aka sake zaɓe a Janairun 2020, Ali Datti Yako na PDP ya yi nasara, sannan Jibrin ya dawo a 2023 a NNPP. Takarda guda ta sa mutanen ƙananan hukumomi biyu sun koma layi.

Sakamako kan tashi daga EC8A na rumfa, ya bi EC8B na mazaɓar gunduma, sannan EC8C na ƙaramar hukuma. A wajen wannan tattarawa, galibi cikin dare, ake kuskuren lissafi ko a canza lamba.

Shawarata ga INEC: duk gyaran da za a yi, jami'i da wakilan jam'iyyu su sa hannu a gefensa, kuma a ɗora hoton takardun tattarawa a IReV, shafin intanet na INEC da ake duba sakamako, nan take, kamar yadda ake ɗora na rumfa.

Naku,
Mai karatu daga Kano