Akuya ba ita kaɗai ba ce mai laifi

Malam Edita, assalamu alaikum.

A ba ni ɗan fili in yi magana kan wani tsiro da ba kasafai jaridunmu ke ambata ba. Mutanen Hawai, can Amurka, suna kiransa ahinahina. Ɗan dangin shuwaka ne, ko da yake ba wanda zai ce haka in ya gan shi. A kan dutsen Haleakala na tsibirin Maui yake fitowa, sama da mita 2,000, cikin tsakuwa da tokar aman wuta, inda rana ke ƙuna, dare kuma sanyi kamar ya kashe mutum. Ganyensa tsinin takobi ne, lulluɓe da farin gashi mai sheƙi da ke kare shi daga rana da bushewa. Yakan yi shekaru da dama yana zaune a dunƙule, sai rana ɗaya ya fitar da doguwar sanda cike da ɗaruruwan furanni, ya zubar da iri, ya mutu.

Awaki da shanu sun kusa gamawa da shi, haka ma 'yan yawon buɗe ido masu tuge shi don tsaraba. Aka zagaye wurin da shinge, ya farfaɗo. Amma a 1992 gwamnatin Amurka ta sa shi cikin jerin tsirran da ke fuskantar barazana, kuma yanzu ƙarancin ruwan sama da ɗumamar yanayi ke kashe shi, musamman a ƙasa-ƙasan gangaren dutsen. Wannan kam shinge ba ya tare shi.

Don Allah shafinku na muhalli ya riƙa kawo irin waɗannan labarai.

Mai karatunku, daga Zariya.