Ummi, ki ajiye haɗin nan ki saurare ni

Assalamu alaikum Ummi na, ya Bauchi, ya maigidan naki da su Hajiya? Mu nan Gombe lafiya lau Alhamdulillah, Babanku yana gaishe ku.

Gwaggonki ta faɗa min wai kin sayi wani haɗi a WhatsApp da ake cewa yana sa ƙwai ya fito, kina sha safe da yamma, abinci ma ba kya ci sosai saboda tunani. Wallahi raina bai min daɗi ba, wata takwas fa kacal da aurenki. Shi ya sa na ce bari in rubuto miki tunda a waya kunya kike ji ki yi ta cewa ba komai Mama.

Kin san aikin ungozoma na yi a asibiti har na yi ritaya, toh abin da yawancin matan da suke zuwa wajenmu ba su sani ba shi ne umarnin fitar ƙwai daga ƙwaƙwalwa yake sauka. A can ƙasanta akwai wani waje da likitoci suke kira haifotalamas, a cikinsa akwai wasu ƙwayoyin jijiya ƴan kaɗan da suke sakin wani sinadari, GnRH, kuma ba sa sakinsa gaba ɗaya, kaɗan kaɗan suke yi su tsaya su sake, bayan gama al'ada kusan duk awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi. Wannan tsayawa da sakewar ita ce maganar gaba ɗaya, don in aka ba mace shi ba tsayawa jikin daina amsawa yake yi. Shi GnRH ɗin yake taɓa wata ƴar gaɓa da ke ƙarƙashin haifotalamas mai suna fituwitari, ita kuma ta tura wasu sinadarai masu kai saƙo da ake kira homon, FSH da LH, cikin jini zuwa gidan ƙwai, ƙwai ya fara girma.

Ƙwan da yake girma jakarsa tana yin wani homon mai suna istirojin, shi kuma ya bi jini ya koma ƙwaƙwalwa. Nan ne abin yake ban mamaki har yau Ummi, ikon Allah. Kwanakin farko istirojin ɗin danne waɗancan ƙwayoyin jijiyar yake yi su yi a hankali, amma da ya yi yawa ya tsaya a sama kamar kwana 2, sai aikinsa ya juye ya koma zuga su, LH ya tashi sama lokaci guda, bayan kamar awa 36 ƙwai ya fashe jakarsa ya fito. Akwai wasu ƙwayoyi a tsakani masu yin wani sinadari, kisfeftin, su ne suke jin istirojin ɗin su kai saƙo, sai a 2003 ma masana suka gano muhimmancinsu wajen haihuwa. Bayan ƙwai ya fita wani homon mai suna furojestaron ya karɓa, ya rage saurin sakin GnRH, ya gyara mahaifa, in ciki bai shiga ba bayan kamar kwana 14 sai ki ga jini.

Yanzu ki gane dalilin da ya sa nake miki faɗan abinci. Waɗannan ƙwayoyin jijiyar na ƙwaƙwalwa suna jin yunwa a jiki, suna jin ramewa da rashin barci da damuwa mai tsanani, in abin ya yi yawa sai su rage aiki, al'ada ta rikice ko ta ɗauke. Haka mai shayarwa, tsotson yaro yana danne su shi ya sa wata take daɗewa ba ta ga jini ba. Ke kina son ciki kuma kina hana jikinki abin da zai tsaya da shi, ga haɗin da ba wanda ya san me aka zuba a ciki, ba lambar NAFDAC ba komai, in da wani homon a ciki ai ƙara hargitsa lissafin zai yi. Dan Allah ki zubar da shi yau.

Ki samu ɗan littafi ki dinga rubuta ranar da jini ya fara zuwa duk wata. Daga kwana 21 zuwa 35 duk daidai ne, kar wata ta tsorata ki da cewa dole sai 28. In ƙwai ya kusa fita za ki ga wani ruwa garau mai yauƙi kamar farin ƙwai ɗanye, in kin ja shi tsakanin yatsu biyu yana miƙewa bai tsinke da wuri ba, kwanakin nan ne kwanakinku. Ƙwan ba ya wuce awa 24 amma maniyyi yana iya kai kwana 5 a jikin mace, saboda haka kar ku jira sai ranar.

In shekara ta cika shiru, ko al'adarki tana tsallake watanni, ko kika ga ruwan nono alhali ba kya shayarwa, ku je asibitin koyarwa na nan Bauchi ku ga likitan mata, ku biyu fa, don shi ma maigidan sai an gwada shi, ba laifin mace ba ne kullum. In kina jin nauyin faɗa masa ki gaya min, Babanku zai yi masa magana cikin mutunci. Maganganun dangin miji kuma ki bar min su, zan kira Hajiya da kaina. Ina miki addu'a kowace sallah, Allah ya kawo masu albarka. Ki kira ni da daddare ki karanto min kwanakin watan jiya da na wannan.

Mamanki