Godiya ta musamman ga gidan motsa jiki na mata da ke unguwarmu a Jos

Assalamu alaikum Hajiya mai gida da dukkan ma'aikatanki, da fatan kun wuni lafiya, ya sanyi ya ƙoƙari. Na daɗe ina son rubuta wannan godiyar a inda kowa zai gani, don wadda nake miki baki da baki kullum sai ki ce Allah ne ya yi, to eh Allah ne ya yi amma ta hannunku ya biyo.

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sayarwa a wajen Taminus, tun bayan gobarar babbar kasuwa ta 2002 muke nan gefe muna neman na kai. Aikina zama ne daga safe har la'asar, a kawo min abinci in ci a zaune, in tashi in hau keke napep har ƙofar gida. Bara kaina ya matsa min da ciwo naje asibiti aka auna ni, likita ya kalle ni yace Hajiya jininki ya wuce 140 bisa 90 da nisa, ga magani amma magani kaɗai ba zai yi ba, sai kin rage gishiri da magi kuma sai kin riƙa motsa jiki. Wallahi maganar gishirin bata dame ni ba kamar ta motsa jikin. A ina? Mace mai shekaru kusan hamsin, da surukai da jikoki, in fito titin Bauchi Road da asuba ina gudu? Kafin in dawo labari ya zaga dangi.

Kin san dai halinmu. In mace tayi jiki sai ace hutu ya karɓe ta, maigida na kula da ita, in ta rame kuma a fara tambaya ko lafiya, ko kishiya aka yi mata. Namiji ma in ya ajiye tumbi sai ace Alhaji kuɗi sun zauna. Gudu kuwa na yara ne da 'yan ƙwallo masu zuwa filin Rwang Pam, babba in yana gudu to wani abu ne ya koro shi. Abin da muka manta shi ne iyayenmu basu taɓa zama irin namu ba. Kakata har ta tsufa ita ke surfe da daka, ta yi niƙa a dutse, ta ja ruwa a rijiya, ta taka zuwa gidan suna a wata unguwa ta dawo da ƙafa. Mazansu ga noma ga kokawa ga dambe bayan kaka. Mu sai inji ya karɓe daka, keke napep ya karɓe tafiya, amma tuwon da man bamu rage ko loma ɗaya ba.

'Yata ce ta ja ni zuwa wajenku, kuma gaskiya da niyyar leƙawa kawai naje. Abin da ya tsayar da ni wani allo ne a bangon da ke kallon ƙofa, an rubuta da Hausa a sama da Turanci a ƙasa, layi biyu kacal. Na farko yace burinku shi ne a wayi gari a Jos mace ta ɗauki motsa jiki kamar yadda ta ɗauki wanka da cin abinci, ba abin kunya ba. Na biyu yace aikinku na kullum shi ne samar wa mace wuri mai sirri da za ta kula da lafiyarta daidai ƙarfinta, ba tare da an kalle ta ko an yi mata dariya ba. Na sha ganin irin waɗannan allunan a banki da ofisoshi da dogon Turanci, mutum ya karanta ya rasa me aka ce, su kansu ma'aikatan in ka tambaye su basu sani ba. Naku kuwa na karanta sau ɗaya ya zauna min.

Amma rubutu ai kowa zai iya yi. Abin da yasa nake wannan wasiƙar shi ne na zauna wata takwas ina lura ko za ku saɓa, ban gani ba.

Kun ce sirri, tagogi duk da labule mai kauri, mai gadi ma iyakarsa bakin get. Wata rana wata yarinya sabuwar zuwa ta kafa waya tana ɗaukar bidiyo don TikTok, mu muna bayanta ba mayafi, sai malamar da ke koya mana ta kashe kiɗan ta je wajenta a hankali tace ƙanwata zo ki gani, ta nuna mata allon, tace iyayenki ne a bayanki kuma wannan alkawari muka yi musu. Yarinyar ta goge a gabanmu, ba faɗa ba tozarci, kuma har yau tana zuwa, ita ce ma ke riƙe min jaka.

Kun ce daidai ƙarfinta. Ranar farko ba a bar ni na taɓa injin gudu ba sai da aka auna jinina aka tambayi maganin da nake sha. Minti 10 kawai na taka a hankali ina haki, malama na gefena tana cewa Mama ya isa haka, gobe ma rana ce. Ita ce ta faɗa min Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba na buƙatar aƙalla minti 150 a sati na motsa jiki matsakaici, da kuma kwana biyu na ƙarfafa tsoka, ta raba min shi minti 30 sau biyar, tace tafiya da sauri ma tana ciki, wadda za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Yanzu daga shago nake takowa rabin hanya kafin in hau keke.

Wanda yafi taɓa ni shi ne ranar da wata ta kawo shayin rage ƙiba tana so a riƙa sayar mata a kantarku a raba riba. Ina zaune ina ɗaura takalmi naji kin ce mata Anti kiyi haƙuri, mu lafiya muka rubuta a bango ba rama ba, abin da bamu san me ke cikinsa ba ba za mu miƙa wa masu hawan jini da suga ba. Kuɗi ne fa kika mayar, a wannan tsadar. Ni 'yar kasuwa ce na san nauyin hakan.

Da azumi kun sauya mana lokaci, da Kirsimeti kun yi wa 'yan uwanmu Kirista haka, ga ɗan wurin sallah da tabarma a kusurwa. Surukata da ta fi kowa faɗan zuwana, malamar Islamiyyarsu ce ta tuna mata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tseren gudu da Nana A'isha, tun daga nan ta yi shiru, watan jiya ma ita ta tambaye ni nawa ne kuɗin rijista.

Sai kuma alherin da ba ya cikin kuɗin wata. Da nace miki nima ina son irin allon nan a shagona kika zaunar da ni bayan kowa ya watse, kika ce kar in kwafi na kowa. Tambaya uku kika min, wa nake yi wa sana'ar, me nake ba su da zai sa su wuce shago goma su zo nawa, kuma ina nake son ganin shagon nan da shekara goma. Kika ce amsa biyun farko su ne manufa, aikin yau da gobe, ta ukun ita ce buri, inda aka dosa, kuma duk abin da yaron shagona ba zai iya haddacewa ba ya yi tsawo. Sau huɗu ina rubutawa kina cewa in rage. Da na sa cewa zan zama ta ɗaya a Najeriya kika tambaye ni ta ɗaya a me, na rasa amsa. Wanda ya tsaya a ƙarshe shi ne zan faɗa wa kowace kwastoma gaskiyar kayan da ta ɗauka, mai zuba da marar zuba, ko da cinikin zai tashi. Yana nan manne a jikin kantar shagona, kuma sau biyu ke nan yana hana ni sayar da abin da da can zan yi shiru in karɓi kuɗina.

Jinina ya sauka, ina nan kan magani kamar yadda likita yace, gwiwata ta daina ƙara in zan yi sujada. Roƙona ɗaya, in Allah ya hore ku buɗe reshe ta wajen Bukuru, ƙanwata na can kuma kuɗin mota ke hana ta zuwa.

Allah ya saka da alheri, ya ƙara kasuwa, ya raya zuri'a. A gaida min malamarmu da baba mai gadi, sai mun haɗu ranar Litinin ƙarfe takwas in sha Allah.

Taku,
Mai atamfa ta Taminus