Wasiƙar Ƙorafi Zuwa Ga Kamfanin Sufurin da Ke Maƙwabtaka da Mu a Zinder

Zuwa ga Babban Darakta,

Assalamu alaikum. Ranka ya daɗe, mu mazauna gidajen da ke jingine da katangar tasharku muna rubuto wannan wasiƙa a bainar jama'a ne saboda koken da muka kai ta bakin mai unguwa bai canza komai ba.

Tun kafin kiran sallar asuba direbobinku ke tayar da motocin da za su kama hanyar Yamai da Agadas, su bar su suna ci a tsaye har a gama lodi. Idan kuma aka ɗauke wuta, sai a kunna janaretan fetur ɗin da kuka ajiye a rumfar da ke manne da katanga, wanda bututun hayaƙinsa ke fuskantar tagogin ɗakunan da yaranmu ke kwana. Baƙin hayaƙi da wari muna ganinsu, muna jinsu, amma abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne iskar kabon monoksaid, wadda ba ta da launi kuma ba ta da wari. Tana fitowa ne idan mai bai ƙone sosai ba, kuma injin fetur da bai samun gyara yana cikin masu fitar da ita da yawa. Idan ta shiga huhu, tana kama jini fiye da yadda iskar oksijin ke kama shi sau sama da 200, sai ƙwaƙwalwa da zuciya su rasa abin da suke buƙata.

Alamominta na farko su ne ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala, shi ya sa uwa za ta ɗauka masassara ce ta kama ɗanta, ta saya masa magani, ta sake kwantar da shi a ɗakin da ya sa shi ciwon. A lokacin hunturu abin ya fi muni, domin ana rufe ƙofofi, sanyin safiya kuma yana danne hayaƙin ƙasa-ƙasa. Mun san wasu gidaje na shigar da garwashin gawayi ɗaki, wanda shi ma yana fitar da wannan iska, kuma muna jan kunnen juna a kan haka, amma wannan bai sauke muku nauyin abin da ke fitowa daga harabarku ba.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2021, bai kamata matsakaicin wannan iska ya wuce miligiram 4 a kowace kubik mita ba cikin awa 24. Ƙasarmu ma tana da dokar kula da muhalli mai lamba 98-56 ta ranar 29 ga Disamba, 1998. Muna tambaya: an taɓa auna iskar tasharku kuwa?

Buƙatarmu ita ce a ɗauke janaretan daga jikin katangar zuwa fili mai nisa da tagogi, a ɗaga bututunsa sama da rufin gidaje, a kuma hana barin mota tana ci alhali ba tafiya za ta yi ba. Muna so a kira ma'aikatan muhalli na jiha su auna iskar da asuba, lokacin da abin ke faruwa, a manna sakamakon a ƙofar tasha kowa ya gani. Idan wata guda ya cika ba mu ga an fara aiki ba, za mu kai takarda ga hukumar birnin Zinder ɗauke da sa hannun magidantan unguwa.

Wassalam,
Maƙwabtan tasharku, Damagaram